Gingimarin Baba Ɗalha

Koki, Kano
12 ga Afrilu, 1999

Abban Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa mu a gaba. Ikram ta fito da haƙora, kuma a yatsana ta fara gwada su. Ranar Juma'a na je Yakasai na gaida su Hajiyarku, ta ce in gaya maka kada ka dawo mata a rame.

Yau albishir na kawo maka. Ka san yadda ka bar Babanmu tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan gingimari tsakanin Kano da Ikko, ya koma zaman ɗaki, ba um ba um-um. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba yaron goye ba ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciyayya. Tun kafin a haife ni yake fita ƙofar gida bayan magariba su ci tuwo da su Malam Mailafiya, amma ya daina, don ya ce ba zai sa hannun hagu a kwanon jama'a ba. Shi kaɗai yake ci, ya juya mana baya.

To ka tuna tsohuwar kwamfutarka da ka bar mana ajiya a ɗakin soro? Rannan Ikram ta ishe ni da kuka, sai na kunna mata wasan nan naka na tuƙa babbar mota, ko ƙarar injin za ta ɗauke mata hankali. Ina cikin faɗawa rami sai na ji muryar Baba daga tsakar gida: "Wa yake wulaƙanta mota haka?" Ya dogaro sandarsa ya zo ya tsaya a kaina. "Sauke giya, gangara ce! Ke wa ya ba ki lasin?" Da na kifar da motar ya ce, "Tashi."

Maɓallan juya kan mota suna hagu, amma birki da giya suna dama, ka ga ke nan dole. Ranar farko da hagu yake ɗaga hannun ya ɗora shi a kan birki. Yanzu yatsu biyu suna motsi da kansu. In dai akwai wuta, da hantsi yana can, bayan la'asar yana can, yana zagin direbobin cikin kwamfuta kamar suna jin sa. Jiya ya ɗauki kofin shayi da dama. Inna ta shige ɗaki don kada ya ga tana kuka.

Ka taya mu addu'a. Na daɗe ban yi barci mai daɗi irin na kwanan nan ba.

Matarka,
Zaituna


Kuala Lumpur
6 ga Mayu, 1999

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdu lillahi, sai shinkafa safe da rana da dare. Ki shafa mini kan Ikram, ki gaida Baba da Inna da kyau.

Wasiƙarki a tsaye na karanta ta a bakin ofishin makaranta, na yi ta dariya ni kaɗai har wani ɗan ajinmu ya tambaye ni ko lafiya. Allah mun gode maka.

Amma fa kunya ta kama ni. A ce direba kamar Baba yana fama da wannan tsohon wasa, wanda bishiyoyinsa kamar an yanko su da almakashi, motar kuma kamar akwatin ashana! Wannan zamani ya wuce. Da za ki ga abin da ake yi yanzu, ruwan sama yana sauka a gilashin mota, kana ganin inuwar gada tana wucewa ta kanka. Ni a ra'ayina duk wasan da ke kan tsohon faifan nan na fulofi ya riga ya mutu, jana'iza kawai ta rage. Mujallun nan ma cewa suke yi nan gaba ko faifan sidi ba za a buƙata ba. Kantin zai koma cikin intanet, ka zaɓi wasa, ka biya, ya sauko maka ta wayar tarho kana zaune a ɗakinka. Wasu a ajinmu suna musu, ni kam na yarda.

Saboda haka na saya wa Baba sabon wasan manyan motoci, wanda ya fi kowanne a kasuwa yanzu. Alhaji Ɗanladi, wanda yake zuwa saro kaya nan, zai taho da shi. Faifai biyu ne, ɗaya wasan, ɗaya sabon tsarin da kwamfuta take tashi da shi, don wasan ba ya tafiya a kan tsohon. Ki kira Isiyaku mai gyaran kwamfuta na Ƙofar Wambai ya share komai ya zuba sabo. Fulofin nan baƙaƙe da ke cikin kwali kuwa ki watsar da su, tarkace ne.

Ni dai ba zan iya rubuta wa Baba kai tsaye ba, kin san nauyinsa da nake ji. Ki miƙa masa, ki ce ɗan abin da ya samu ne.

Naki,
Mikail


Koki, Kano
9 ga Yuni, 1999

Abban Ikram,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kai ma haka. An rantsar da farar hula, gari lafiya lau. Ruwa ya sauka.

Saƙo ya iso ta hannun Alhaji Ɗanladi, kuma Isiyaku ya zo ya yi yadda ka ce. Baba ya sa ni in rubuta maka wannan, kalma da kalma: "Mun ga abin alheri. Allah ya yi albarka, ya ba da sa'ar karatu, ya sa ka gama da duniya lafiya. Abu ya yi kyau ƙwarai, mun gode."

Ikram tana rarrafe. Inna tana gaishe ka.

Zaituna


Kuala Lumpur
3 ga Yuli, 1999

Zaituna,

Salamu alaikum. Ina lafiya, jarrabawa ce kawai ta tsare ni. Mu ma mun kalli rantsuwar a talabijin ɗin ɗakin kwanan ɗalibai, 'yan Najeriya muka cika wurin da ihu. Allah ya sa a ɗore.

Addu'ar Baba ta faranta mini rai, na ninke takardar na sa a aljihu na shiga jarrabawa da ita. Na san zai so wasan. Ya kai wurin da ake hawa dutse cikin hazo? Ki gaya masa ya kunna fitila a nan. Na ma ga wani sitiyari na roba da ake haɗawa da kwamfuta, har da abin taka birki, ina tunanin aiko masa.

Sai dai ke ce ban gane miki ba. Ke da kike cika takarda gaba da baya har ki bi gefe, yau layi shida? Ko "matarka" ba ki sa ba. Na juya takardar na duba baya, na leƙa cikin ambulan ko wani shafi ya maƙale. Na san abin da ya ɓata miki rai, maganar hutun da na ce ba zan samu zuwa ba ce. Wallahi ba son raina ba ne, aikin ƙarshen zango ne ya riƙe ni. In kuwa wani ne ya kawo miki wata magana a kaina, ki faɗa mini ko wane ne. Ni daga aji sai masallaci sai kantin kwamfuta, kuma kantin ma kallo ya fi yawa.

Kada ki yi mini irin wannan shirun, nesa ta yi yawa. Ki ba ni labarin hannun Baba, ba ki ce komai a kai ba.

Naki har kullum,
Mikail


Koki, Kano
28 ga Yuli, 1999

Abban Ikram,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, ni da Ikram da Inna. Baba ne dai sai a hankali.

Na daɗe da takardarka a ƙarƙashin filo ina rasa abin da zan ce. Ba hutu ba ne, kuma ba wanda ya kawo mini gulmarka. Wa ma zai yi gulmar mutumin da ke soyayya da kantin kwamfuta? Hana ni magana aka yi. Inna ta ce sojoji sun koma bariki, amma a gidan nan Baba ya kafa nasa mulkin. Yau zan karya doka, don na gaji.

Wasanka bai yi ba. Isiyaku ya share komai kamar yadda ka ce, ya zuba sabon tsari, ya sa faifan. Hoton farko ya fito, mota ja mai ƙyalli, har Baba ya gyara zama. Daga nan fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Isiyaku ya sake kunnawa, ta sake yin baƙi. Ya ce wasan yana neman wani katin hoto da kwamfutarka ba ta da shi, kuma ko an samo katin, ita kanta ta tsufa, ba za ta ja ba. Ya ce a jikin kwalin ma an rubuta irin kwamfutar da ake buƙata. Ka karanta mujallu kaf, kwalin ne ba ka juya ba?

Tsohon wasan kuma ya tafi da sharar. Fulofin suna nan, don da na ba Inna ta zubar sai ta jefa su cikin kwallarta ta jere, ka san ita ko murfin kwalba ba ta yarwa. Isiyaku ya ce aikin rabin yini ne ya mayar da komai yadda yake. Baba ya ce atafau. "Yaron nan ya tuna da ni daga uwa duniya, ya aiko da abu, sai in sa a cire in mayar da tsohon? Da wane ido zan dube shi? Kuma kada wanda ya gaya masa." Na ce masa ai ba za ka ji haushi ba. Ya ce, "Ke 'yata ce, shi surukina ne. Ba ɗaya ba ne."

Yanzu kwamfutar tana lulluɓe da zane. Baba ya koma ɗaki. Yatsun da suka fara motsi sun soma lanƙwashewa, shekaranjiya kofi ya suɓuce masa, ya zauna yana kallon shayin yana bin tabarma. Malam Mailafiya ya aiko a tambaya ko zai fito ciyayya, ya ce a ce yana barci. Tsoro nake ji, Abban Ikram. Likita ya ce hannun da aka bari ya kwanta, tashinsa da wuya.

Kada ka aiko da sitiyari, don Allah. Kantinka na cikin intanet kuma, ni ban ga abin murna a ciki ba. A Ƙofar Wambai ko takalmin roba za ka saya sai ka zura ƙafa, in ya matse ka mayar. Wanda ya sauko ta waya, in ya ƙi, wa za ka je ka tsaya a kansa?

Ka nemo mana mafita, amma kada Baba ya san na faɗa. In ya sani, kunyar da zai ji ta fi ciwon.

Matarka, ko da ban rubuta ba,
Zaituna


Kuala Lumpur
19 ga Agusta, 1999

Zaituna,

Salamu alaikum. Ina lafiya, amma tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba. Ina nan ina hura hanci na yi abin kirki, ashe birki na cire wa Baba a gangara. Kin yi gaskiya, ban juya kwalin ba. Na je kantin na duba, ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro.

Na yi tunanin rubuta masa in ba shi haƙuri, sai na ga hakan zai tona ki, kuma zai sa ya ƙara riƙe faifan don kada in ji kunya. Baba ba zai yarda a mayar masa da tsohon wasan haka kawai ba, amma ban taɓa jin wanda ya roƙe shi alfarma ya hana ba. To roƙonsa zan yi. Ga takarda nan daban a cikin ambulan, ki karanta masa a gaban Inna, kuma ki daure kada ki yi dariya. Ba ƙarya na shirya ba, musun da na ambata da gaske mun yi shi, ni ne ma na tayar da shi jiya don in samu abin rubutawa.

Ki sa Isiyaku ya zauna da shiri. Ki yi wa Inna godiya, ki ce Allah ya ƙara wa kwalla albarka.

Naki,
Mikail


Zuwa ga Baba, Alhaji Ɗalha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Baba yana samun sauƙi, ina neman afuwa da na rubuto kai tsaye. Wata alfarma ce ta sa.

Musu ya haɗa ni da abokan karatuna a kan tsohon wasan motar nan da ke kwamfutata. Sun ce ba mahalukin da zai kai kaya garin ƙarshe ba tare da ya kifar da mota ko sau ɗaya ba, wai an gina hanyar ne don kada a iya. Ni kuma bakina ya riga ni, na ce ina da uba a Kano da zai iya. Suka yi mini dariya. Na nemi wasan a nan ban samu ba, ya ɓace daga kasuwa.

In Baba zai daure a ajiye sabon na ɗan lokaci, a mayar da tsohon, ya gwada mini, zai fitar da ni kunya. Na san na ɗora wa Baba wahala. In bai samu dama ba, ba komai, sai in je in ce musu na faɗi.

Ɗanka,
Mikail


Koki, Kano
26 ga Satumba, 1999

Abban Ikram,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, lafiya sosai. Ikram ta fara tsayawa da bango. Na yi jinkirin amsa ne da gangan, don ina so in ga ƙarshen abin kafin in ɗauki biro.

Na karanta wa Baba takardarka a gaban Inna. Da na zo wurin "suka yi mini dariya" sai ya ɗago kai. "Su wa? 'Ya'yan wa?" Na ce 'yan ajinsu ne. Ya ce, "Sun taɓa sauka gangarar Jabba da buhun gyaɗa har sama?" Na ce ban jin sun taɓa. Ya ce, "To a kira Isiyaku. Ba don ni ba, don yaron nan kada a raina shi a ƙasar mutane." Inna ta miƙe ta sauke kwalla tun bai rufe baki ba, ni kuwa na cusa fuska a mayafi kamar atishawa ce ta kama ni.

Fulofi ɗaya ya so ya ba mu tsoro, sai da Isiyaku ya yi ta sakawa yana cirewa kafin ya karanta. Da ƙarar injin nan mai kama da injin markaɗe ta tashi, wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba.

Farkon bai zo da sauƙi ba. Hannun ya koma baya ƙwarai, Baba ya yi ta kifar da mota a kwanar farko, har rannan ya ture kujera ya ce a gaya maka ka faɗi. Washegari tun hantsi na same shi a zaune. In an ɗauke wuta sai ya ci gaba da danna maɓallan a kashe, wai yana haddace hanya. Ranar Talata bayan la'asar muka ji kabbara daga soro. Ya kai garin ƙarshe, mota a tsaye, kaya cif. Ya sa Isiyaku ya zo ya gani da idonsa don ya zama shaida.

Amma ba wannan ne labarin ba. Daren jiya bayan magariba Inna ta zuba masa tuwo za ta kai ɗaki, sai ya ce, "Ina za ki da shi? Miƙa waje." Ya sa hula ya fita. Na laɓe a soro ina leƙe. Su Malam Mailafiya suka matsa masa wuri kamar jiya ya tashi. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya sa dama a kwano. Lomar tana rawa, miya ta ɗiga a rigarsa, amma ta kai baki. Na koma ciki na rungume Inna muka yi ta kuka kamar wasu yara.

Ga wata 'yar takarda nan ya ce in saka. Bai ce in rubuta ba, biro ya ce in ba shi, kuma ya hana ni karantawa. Na karanta.

Matarka,
Zaituna


Mikail,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun bai gama dawowa ba.

Ka gaya wa abokanka an kai kaya. Hanyar ba ta da laifi, gudu ne ya yi musu yawa.

Sabon faifanka na sa an ɗaura masa zare, na rataye shi a saman kwamfuta, yadda muke rataye ado a gaban mota. In rana ta shigo yana haska ɗakin. Kyautarka tana aiki.

Kada ka yi wa Zaituna faɗa a kan ta karya mini doka. Ni ma ban yi mata ba.

In ka dawo, ka fito ciyayya. Kwanona za ka ci.

Babanka,
Ɗalha Direba